Tsirkiyar Kawu Na'Allah

Lafiya, 9 ga Maris, 1999

Zuwa ga ɗana Abdulrauf, ɗan ƙanwata Sailuba, Allah ya jiƙanta.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka Rabi'a. Mu nan lafiya lau, sai zafi, sai kuma hannun nan nawa na dama da ka sani, wanda ba sabon labari ba ne. Malam Kalilu na bakin gidan waya, mai rubuta min wannan, yana gaishe ka. Ya tsufa, amma bai kai ni ba.

Abin da ya zaunar da ni gaban Kalilu da rana tsaka shi ne, Iorchia direba ya dawo daga kai doya Ikko, ya sauko daga mota ba komai a hannunsa. Na ce ina raket? Ya ce, "Baba, yaro bai ba ni komai ba fa, ya ce in gaishe ka kawai." Tun ranar da kamfanin nan suka ɗauke ka kana buga musu tanis, ba ka taɓa shiga gasa ba sai ka aiko min raket ɗinka Gatari a motar doya, in ɗaura masa sabuwar tsirkiya da hannuna, in mayar maka. Yanzu ga babbar gasar Kaduna ta ƙarato, kai za ka tsaya wa jiharmu, kuma ba raket. Ko ka samu wanda ya fi ni ne a can?

In injin ɗaura tsirkiya ne, ka faɗa min, na ga injin. Sebastian ya kawo ɗaya kulob. Ka dai san tun da aka yi jiha, Lafiya ta zama hedikwata, manya suka cika kulob suka ce sai koci mai takarda. Filin nan ni na daɓe shi, ni na ja layinsa da farar ƙasa tun awaki na kiwo a gefensa. Yau ni ne mai shara da ɗaura raga, Sebastian ne koci, da usur a wuya kamar ɗan sanda. Ban ce mugun mutum ba ne, yana gaishe ni. Amma shi inji yake tambaya ko tsirkiya ta yi. Ni kuwa in naɗe ta a itace in ja, in toshe da basilla, in na gama in buga raket a tafin hannu in kai kunne. In ta ce tin, ta yi. Injin nasa kunne gare shi?

Iorchia ya ce ya ga kana yawan shafa gwiwar hannu. To sai me? Ni ban taɓa ganin ɗan wasan kirki da hannunsa ba ya ciwo ba. Ga gishirin Awe nan na ba shi a ƙullin leda. Rabi'a ta soya shi a kasko ya yi zafi, ta ƙulle a tsumma, a gasa wurin safe da yamma. Haka nake yi tun kafin a haife ka.

Ka aiko Gatari a tafiya mai zuwa.

Ni ne kawunka,
Na'Allah mai tsirkiya

Ikko, 24 ga Maris, 1999

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa da ban girma. Ina fatan hannu ya yi sauƙi. Rabi'a tana gaishe ka da kyau, kuma gishiri ya iso, muna godiya. A gaishe min da Malam Kalilu.

Kawu, ban samu wanda ya fi ka ba. Kunya ce ta hana ni aiko magana ta bakin Iorchia. Gaskiyar ita ce ba da Gatari nake bugu yanzu ba. Ciwon ya wuce na gashi. Akwai safiyar da kofin shayi ya suɓuce min, hannun ya ƙi riƙewa. Likita ya duba ya ce jijiyar gwiwar hannun ta kumbura, kuma taurin raket da taurin tsirkiya ne suke tura duk girgizar ƙwallo cikin wurin. Sai kocinmu ya ba ni wani raket mai laushin jiki in gwada.

Bari in faɗa maka yadda yake, da kyaunsa da aibinsa, kamar yadda ka koya min in riƙa faɗin raket. In ƙwallo ta same shi, jikinsa yana ɗan lanƙwasa ya shanye dukan, girgizar ba ta hawa hannu. Sai ka ji kamar ƙwallon ta ɗan zauna a kan tsirkiya tana jiran ka gaya mata inda za ta. Yankan nan na bayan hannu da ka sha wahala a kaina, da shi ƙwallon ba ta tashi daga ƙasa, sulalewa take yi. In kuma na ajiye ta a bakin raga, mutuwa take a wurin.

Aibinsa kuwa, ba ya ba da ƙarfi kyauta. Gatari ko rabin hannu ka sake masa zai kai ƙwallo layin baya. Wannan sai ka sake hannu gaba ɗaya, da ƙugu da ƙafa. Makonnin farko ƙwallayena a tsakiyar fili suke faɗuwa, ana ta yi min dariya. Sabis ɗina, bugun buɗe wasa, ya rage wuta, wannan ba zan ɓoye ba. In kuma na haɗu da mai nauyin bugu, ƙwallon ta kauce wa tsakiyar tsirkiya, yakan ɗan murɗe a hannu. Mun manna masa 'yar dalma a kai, murɗewar ta ragu sosai.

Mutane na cewa raket ɗin tsofaffi ne. Ni abin da na gani, raket ne na wanda ya riga ya iya. Ba ya rufa wa kowa asiri, amma abin da hannunka ya sani zai isar da shi daidai. Da shi na ci mutum biyu da suka daɗe suna cina a nan, da haƙuri da sauya musu wuri, na kuma fito fili hannuna ba ya zugi.

Abu ɗaya ne, Kawu, ba ya son tsirkiya mai tauri. In an ɗaura shi daidai, tum yake cewa a tafi, ba tin ba. Ina roƙon ka yarda in aiko maka shi ka ɗaura, ka ɗan sassauta. Ba na son in shiga Kaduna da raket ɗin da hannunka bai taɓa ba.

Ɗanka,
Abdulrauf

Lafiya, 6 ga Afrilu, 1999

Abdulrauf,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya. An yi ruwan farko shekaranjiya.

Kalilu ya karanta min takardarka sau biyu, don na farko na zaci shi ya ƙara gishiri. In sassauta! Ni za ka ce wa in sassauta? Tun ina tsince wa Turawa ƙwallo a Makurɗi, ƙafa ba takalmi, na san abu ɗaya: malalacin ɗauri na malalacin ɗan wasa ne. Masu tumbin nan da ke zuwa kulob da yamma su buga biyu su zauna shan lemo, su ke cewa, "Baba, a sassauta, hannu na ciwo." Yau kai ne a layinsu?

Da bakinka ka ce sabis ya rage wuta. Da bakinka ka ce yana murɗewa. To me ya rage? Raket ɗin da sai an manna masa dalma kafin ya tsaya kamar namiji, wannan ba raket ba ne, lagwani ne. Likita kuma me ya sani? Ya taɓa tsayawa a layin baya rana na dukansa?

Ka saurara. Ni da ido na koyi wasan nan, daga bayan raga, ba wanda ya kama hannuna. Da na iya, aka ce ɗan tsince ƙwallo ba ya shiga gasa. Da Turawa suka tafi, aka ce ba ni da takarda. Gasa ko ɗaya ba a bar ni na shiga ba. Da uwarka ta rasu ta bar min kai, na sa maka raket a hannu kafin ka iya ɗaura tazugen wando. Ba don ka je Kaduna ka riƙa ajiye ƙwallo a bakin raga kamar mai ajiye ƙwai ba. So nake a ji ƙarar bugunka daga bakin titi, Sebastian yana zaune a wurin, a tambaya wa ya koya wa wannan, a ce wani tsoho mai shara a Lafiya.

Gatari ai su biyu ne, ka sani. Ɗan'uwansa da ke rataye a ɗakina na sauko da shi, na ɗaura masa tsirkiya, na ja har idona ya yi duhu. Buga shi a tafi ka ji. Ga shi nan wurin Iorchia.

In ka shiga filin Kaduna da wancan lagwanin, kada ka ƙara cewa ni na koya maka, kuma ran da na mutu ba sai ka wahalar da kanka da hanya ba. Kalilu ya ajiye biro ya ce, "Na'Allah, wannan ta yi nauyi." Na ce rubuta, ba kai ka rene shi ba.

Ka ci gaba da gashi.

Kawunka,
Na'Allah

Ikko, 20 ga Mayu, 1999

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa da ban girma, da fatan kana lafiya.

Na yi yadda ka ce. Da ɗan'uwan Gatari na shiga. Na ci wasa uku, na tsaya a na kusa da ƙarshe. Na ajiye tanis.

Allah ya saka maka da alheri a kan duk wahalar da ka yi da ni.

Ɗanka,
Abdulrauf

Lafiya, 2 ga Yuni, 1999

Abdulrauf,

Bayan gaisuwa. Lafiya lau.

Wannan ce wasiƙar? Kafin in gyara zama Kalilu ya gama karantawa. Ya kuma juya takardar ya ce wannan ba rubutunka ba ne, hannun mace ne. Wato yanzu ka fi ƙarfin ka ɗauki biro ka rubuta wa kawunka, sai dai ka kishingiɗa matarka ta rubuta. Ni da nake zuwa wurin Kalilu, don ba a sa ni boko ba ne. Kai da na kai ka makaranta a kan kekena, mene ne hujjarka?

Ka ci uku da Gatari. Ka gani? Da lagwani da ka ci ɗaya? Sai kuma ka ce ka ajiye tanis, don an kayar da kai sau ɗaya. Wa ba a kayarwa? Na san wannan halin, fushi ne. Haka kake tun kana yaro, in na yi maka faɗa sai ka ƙi cin tuwo ka zauna bayan ƙofa, kana jira in zo in lallashe ka. To ban lallashe ka a lokacin ba, yanzu ma ba zan fara ba.

Sebastian ya dawo daga Kaduna da sauran 'yan wasa. Ya biyo ni har gindin mangwaro wai zai yi min bayani. Ya fara, "Baba, hannun nan nasa fa..." Na ce hannun kowa na ciwo, ya riƙe bayaninsa, ba daga bakinsa zan ji labarin ɗana ba. Ya tsaya yana kallona, na ɗauki tsintsiyata.

In fushin ya huce, ka aiko raket ɗin duka biyu in sake musu tsirkiya. Kuma ka rubuto da hannunka.

Kawunka,
Na'Allah

Lafiya, 14 ga Nuwamba, 2001

Abdulrauf,

Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya, in dai har yanzu kuna gidan da na sani.

Ba nemanka nake ba. Kalilu ne ya ishe ni, kullum na wuce sai ya ce ba wasiƙa yau? Na ce bari in zauna ya samu abin yi, tun da mutane sun fara yawo da waya a aljihu aikinsa ya ja baya.

Damina uku ke nan ba takardarka. Iorchia ya koma hanyar Onitsha, ba wanda zan tambaya. An zuba wa filin kulob siminti an shafa masa kore, ba sauran jan layi da farar ƙasa. Mangwaron na nan. Na je maƙabarta na gyara wurin Sailuba, ruwa ya ci gefe ɗaya. Na tsaya ban san me zan ce mata game da kai ba.

Hannuna ya ƙara lalacewa. Buta ma da hagu nake ɗagawa yanzu. Sanyi ne na tsufa. Ina gashi.

Ƙusar da ɗan'uwan Gatari yake rataye tana nan ba komai a kanta. In ka daina wasan da gaske, ka dawo min da kayana. In kuma ba ka daina ba, ka faɗa min da me kake bugawa. Ko da lagwanin ne, ka faɗa.

Kawunka,
Na'Allah

Ikko, 8 ga Janairu, 2002

Zuwa ga Kawu Na'Allah,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da ladabi. Ni ce Rabi'a, matar ɗanka. Bai san na rubuto ba, ya hana ni tun tuni, amma wasiƙarka ta ƙarshe ya karanta ya fita tsakar gida ya daɗe bai shigo ba, ni kuma na gaji da yin shiru. Ka yafe min in na wuce iyaka.

Ranar da raket ɗinka ya iso da waccan takarda, ya karanta, ya ɗauki mai laushin ya ɗora a kan sif. Na roƙe shi, kocinsu ya roƙe shi. Ya ce mutumin da ya rene shi ya ce kada ya zo jana'izarsa, hannu kuma guda biyu gare shi, kawu ɗaya.

Na bi shi Kaduna. Bayan wasa na biyu gwiwar hannun ta kumbura, riga ma ni nake sa masa. Na soya gishirin a kicin ɗin masauki na gasa masa, yana cije leɓe. Ya ci na uku a haka. A wasan kusa da ƙarshe yana gaba, ya jefa ƙwallo sama zai yi sabis, yana bugawa raket ya tashi daga hannunsa, shi kuma ya durƙusa. Jijiyar ce ta tsinke. Mutumin nan Sebastian shi ya ɗauke shi zuwa mota.

An yi masa tiyata sau biyu. Hannun ba ya miƙewa sosai, yatsu biyu ba ya jin su. Wasiƙar da ka yi fushi a kanta, ni na rubuta domin hannunsa na rataye a wuya. Shi ya faɗa min abin da zan sa, ya ce kada in ambaci ciwon, Kawu zai ɗora wa kansa. Da amsarka ta zo kana cewa ya rubuto da hannunsa, sai ya ce to, zai jira hannun. Shi yake jira har yau.

Kamfanin sun sallame shi. Yanzu a wani kulob yake ɗaura wa mutane tsirkiya da inji, don inji ba ya buƙatar ƙarfin dama. Ana son aikinsa. In ya gama, sai ya buga raket a gwiwarsa ya kai kunne, masu kulob na yi masa dariya.

Ba fushi yake da kai ba, Kawu. Ni ce na yi fushi, kuma ina neman gafarar Allah.

'Yarka,
Rabi'a

Lafiya, 21 ga Janairu, 2002

Zuwa ga Abdulrauf, Rabi'a ma ta ji.

Ina gaishe ku. Yaya hannun?

Kalilu ya karanta rabi ya tsaya ya cire tabarau. Na ce ƙarasa. Da ya ƙarasa na tashi na tafi, sai yau na dawo.

Kai wane irin yaro ne? Wa ya ce ka ji maganata? Na ce kada ka hau mangwaron kulob, ka hau ka faɗo. Na ce kada ka je rafi da damina, ka je. Na ce Ikko ta yi nisa ka nemi aiki a Jos, ka tafi Ikko. Duk tsawon rayuwarka ba ka ji ba, sai wannan guda ɗaya ka zaɓa ka ji?

Maganar jana'iza ai magana ce. Tambayi Kalilu sau nawa na ce masa kada ya zo tawa. Mai shayin bakin tasha ma na faɗa masa, ran da ya cika min ruwa. Duk Lafiya an san bakina. Amma da ta hau takarda ta yi tafiya sai ta zama wani abu dabam, ba murya, ba fuska. Kalilu ma da laifinsa, mutum ya ga magana ta yi nauyi ai sai ya ƙi rubutawa. Ya ce in sa cewa ya hana ni. To, ya hana ni. Sebastian kuma ƙaton mutum, don na ɗaga masa tsintsiya sai ya yi shiru shekara da shekaru? Jiya na tare shi. Ya ce, "Baba, sau uku ina zuwa." Wai sau uku.

Rabi'a, fushinki na kan gaskiya. Ban ce komai a kansa ba.

Iorchia ya dawo hanyar Ikko. Abdulrauf, ka ba shi lagwanin nan ya kawo min. Ina so in ga abin da idona.

Kawunka,
Na'Allah

Ikko, 10 ga Fabrairu, 2002

Kawu,

Gaisuwa da ban girma. Ka ce wa Malam Kalilu ya yi haƙuri da rubutun, da hagu ne. Na ga in na ci gaba da jiran dama za mu daɗe. Amma hannuna ne, kamar yadda ka ce.

Ban riƙe ka da komai ba. Na san bakinka. Amma a lokacin ina nesa, takarda ce kawai a gabana, na karanta ta har ta yage a ninki, ban ga inda kake dariya ba. Kuma gaskiya ni ma ina son a ji bugun daga bakin titi. An ji, Kawu. Wasa ukun nan ban taɓa sabis irinsu ba. An tambaya wa ya koya min, na faɗa.

Na tambayi likita ko da mai laushin na buga da hakan ta faru. Ya ce jijiyar ta riga ta gaji tun ina saurayi, amma da wataƙila ta kai ni wasu shekaru. Ka koya min faɗin kyau da aibi, shi ya sa na faɗa maka duka.

Ga raket ɗin nan. Tsirkiyarsa ta bushe a kan sif, na yanke ta. Na sa sabuwa a cikin jakar. Inji na gabana kullum, amma ban iya ɗaura wannan ba. Ka ɗaura shi yadda ka ga dama.

Ɗanka,
Abdulrauf

Lafiya, 3 ga Maris, 2002

Zuwa ga ɗana Abdulrauf, ɗan Sailuba.

Bayan gaisuwa, ina fatan kai da Rabi'a kuna lafiya. Ni da sauƙi, sai dai numfashi da ya fara gajarta in na yi tafiya. Kalilu ya ce rubutunka kamar kaza ta bi ta kan takarda. Na karɓa na duba da kaina, ko da yake ban san baƙi ba. Na sa a aljihu.

Na ɗaura shi. Kwana biyu ya ɗauke ni, don dama ba ta ja, sai da na danne itacen da ƙirji. Kowace tsirkiya in na kai inda ka ce, hannuna sai ya nemi ƙarawa, in ce masa tsaya. Da na gama na buga a tafi. Tum. Kamar an buga jiƙaƙƙiyar ƙwarya. Wallahi kunnena bai so ba, har yanzu bai so ba.

Ran Talata da safe, kafin manya su zo, na zagaya bangon bayan kulob da ƙwallo ɗaya. Rabon da in buga tun kafin a zuba siminti. Na buga ta farko na tsaya ina jiran zugin nan da ke hawa har kafaɗa. Bai zo ba. Na sake. Bai zo ba. Ƙwallon tana zama, yadda ka faɗa, kamar tana tambaya ina za ni.

Sebastian ya ji ƙara ya leƙo. Ya shiga ya ɗauko raket ɗinsa ya tsaya a ɗaya gefen raga, ni kuma na shigo fili. Tun da ya zo garin nan ba mu taɓa bugawa ba. Ya riƙa turo min a hankali kamar mai ba jariri koko. Na yanka masa ɗaya ta bayan hannu, ta sulale ƙarƙashin raket ɗinsa. Da ya ja baya, na ajiye masa ɗaya a bakin raga. Ya taho da gudu da usur ɗinsa yana lilo, kafin ya iso ta mutu. Ya ce, "Kai, Baba!" Na ce a'a, ba ni ba ne.

Sabis dai ba wuta, wannan ina nan a kan bakana. Dalmar kuma ta yi kaɗan, ni da zan ƙara a gefe biyu. Amma da azahar na ɗaga buta da dama na yi alwala. Na zauna a kan tabarma na daɗe ina kallon hannun. Tun ina saurayi nake ce masa sanyi.

Gishirin Awe da ya rage na ba matar maƙwabcina ta yi miya.

Yanzu ka saurara, kuma wannan ita ce za ka ji. Wanda ya koyi rubutu da hagu zai koyi bugu da hagu. Ba gasa nake nufi ba, gasa ta wuce mu duka biyu. Ka zo kawai. Sebastian ya ce filin namu ne kowace safiya. Zan tsaya a raga in riƙa jefo maka ɗaya ɗaya kamar farko, in ka gaji mu zauna gindin mangwaro, ba wanda zai ce maka tashi. Gatari da ɗan'uwansa ka bar su a can, ƙusar ta samu abin ratayewa.

Kalilu, rubuta wannan da manyan baƙi. Hanyar Lafiya a buɗe take, ran mutuwata da kafin ranar. Na fi son kafin. Kada ku ja lokaci.

Iorchia ya zo ɗazu wai in ba shi raket ya kai maka, motarsa na lodi. Na ce ba zan bayar ba. Mai shi ya zo ya karɓa.

Ni ne kawunka,
Na'Allah